Kawu Mai Aski da Ciwon Zuciya

Kawuna ya yi shekara arba'in da ɗaya yana aski a wani ɗan shago mai kujera ɗaya da madubin da ya tsage ta kusurwa. In ka zauna masa sau ɗaya, ya riƙe irin askinka, ya kuma riƙe inda hirarku ta tsaya. Ka dawo bayan wata biyu, sai ya ce, "To, ya kuka ƙare da maƙwabcin naka?"

Yana da shekara saba'in ƙafafunsa suka fara kumbura, matakala uku na ƙofar shagon suka riƙa sa shi haki. Likita ta ce zuciyar ce ta yi rauni, ta rubuta magani. Kawu ya adana shi a aljihun tebur tare da tsofaffin almakasai, don a cewarsa ba inda ke masa ciwo.

Bayan wata takwas ya fara tsayawa da injin aski a hannu yana kallon ƙeyar mutum. Ran nan wani tsohon hedimasta da ya daɗe yana aski a wurinsa ya zo rage suma, Kawu ya aske masa gashin bakin da ya yi shekara ashirin yana tattali. Hedimasta ya daɗe yana duban madubi.

"Ni ne fa," ya ce.

"Na gani," in ji Kawu. "Yanzu ma an fi ganinka."

Da ya koma gida ya gaya wa matarsa bai gane mutumin ba sam. Ranar bai iya cin abinci ba.

Ni na mayar da shi asibiti. Likita ta ba shi kalmomi biyar ya riƙe. Ya dawo mata da biyu, ya ƙara ɗaya tasa. Ta ce in zuciya ba ta tura jini yadda ya kamata, ƙwaƙwalwa ma takan ji a jikinta.

"Wato famfon ne ba ƙarfi, ruwa ba ya hawa bene," in ji Kawu.

"Kusan haka, Baba. Ina maganin da na rubuta?"

"Yana nan lafiya ƙalau."

Tun daga nan matarsa ta karɓe maganin, ita ke ba shi safe da yamma. Ta rage gishiri, ta sa shi tattaki kowace safiya. Kumburin ya saɓe. Mantuwar ba ta tafi ba, ta dai rage gudu. Ya ajiye reza gaba ɗaya, shagon ma daga hantsi zuwa azahar yake buɗewa. Yakan manta ko ya ci abincin rana, amma bai taɓa manta cewa miyar ba gishiri ba.