Kaftin ɗin da Ban Taɓa Ganin Ya Nutse Ba

Ni ɗan masunta ne. A bakin Kwara aka haife ni, can ƙasar Yawuri, kuma tun ina ƙarami ni ake turawa in nutsa in kwance taru idan ya sarƙe a saiwar itace. Na zo aikin Hajji ta ƙasa, na yi shekara uku a hanya, da na iso Makka kuma ban koma ba. Ruwa dai ban rabu da shi ba, sai dai ya koma na garwa. Ga-ruwa nake yi a unguwar Zahir, garwa biyu rataye a sanda, daga famfon unguwa da mutanen nan ke kira bazan zuwa gidajen mutane.

'Yan shekaru bayan an ba ƙasarmu mulkin kai, ƙanen matata ya dawo daga Jidda. Ɗan baffanta ne, a Sudan aka haife shi iyayensa suna kan hanya, don haka Hausarsa rabi Larabci ce. Ya yi shekara huɗu yana tuƙa wa wasu Turawan kamfani mota. Ya ce duk Juma'a sukan fita teku su goya tukunyar iska a baya, su shiga ƙarƙashin ruwa, ba don kamun kifi ba, don kallo kawai. Tun daga nan na fara tantama. Ban taɓa jin wanda ya nutsa ya fito hannu biyu kuma yana murna ba.

Ya zo da takarda mai kauri, da hotonsa da hatimi da rubutun boko. Babu mai iya karanta ta a lungunmu, sai abin da ya faɗa mana: wai shaida ce cewa shi gwanin nutso ne mai daraja ta biyu. Kafin mako ya zagayo duk lungu ana ce masa Kaftin, har matata.

Wata rana muna cin abinci na tambaye shi, “Kaftin, numfashi nawa kake iya riƙewa a ƙasa?”

Ya ce, “Yaya, mu ba ma riƙe numfashi. Mamnu'u ne, an hana. Wanda ya riƙe, huhunsa ya fashe.”

“To me aka gwada ku da shi kafin a ba ku takardar?”

“Darasi, da lissafi, da shiga ruwa sau kaza.”

“Wa ya sa hannu?”

“Maigidana.”

Na ci gaba da cin tuwona. Mutumin da kake wanke wa mota, kake kai 'ya'yansa makaranta, idan ya tashi barin ƙasa ai ba zai rasa abin sallamarka ba. A garinmu ma na san wani Sarkin Ruwa da ya gaji sarautar daga ubansa, kuma bai taɓa shiga kogi ya wuce gwiwa ba. Matata ta ce hassada ce ke damuna. Ban musa mata ba, amma hassada ba ta hana tambayar zama tambaya ba.

Abu biyu suka ƙara min zargi. Na farko, bututun injin jan ruwa ya tsinke ya faɗa cikin tankin ƙasa na wani gida da nake kai wa ruwa, zurfinsa bai fi gaba biyu ba. Mai gidan ya aika a kira Kaftin. Ya zo ya leƙa, ya girgiza kai, ya ce babu tukunya, babu abokin shiga, ƙa'ida ta hana shi. Ni na tuɓe na shiga na fito da abin. Mai gidan ya gode min, sannan ya juya ya ba Kaftin shayi, suka zauna yana ba shi labarin kifaye masu launi.

Na biyu ya fi ci min rai. Muna dawowa daga kasuwa wani askari, ɗan sandan ƙasar, ya tsayar da mu ya nemi iƙama, takardar izinin zama. Ni ba ni da ita, shi ma tasa ta daɗe da mutuwa. Sai ya zaro takardar nan daga aljihun gaba. Askarin ya dubi hoton, ya shafa hatimin da yatsa, ya miƙa masa, sannan ya nuna ni. Kaftin ya ce, “Hada ma'aya, tare muke, yarona ne.” Aka sallame mu. Na girme shi da shekara goma sha biyar. Har muka isa gida ina ta saƙawa a raina cewa na gano amfanin takardar, kuma ba a ruwa yake ba.

Bayan aikin Hajjin shekarar, da muka dawo daga dako a Mina, na shirya masa tarko. Akwai wani mai motar kifi da ke bin hanyar daji zuwa bakin teku ta wajen Shu'aiba, inda ba a cika tsayar da mutane ba. Na ce wa Kaftin na yi kewar ruwa, ya raka ni. Na zaci zai kawo uzuri. Sai ya ce to, ya ɗauko gilashin fuska da takalman roba masu faɗi kamar ƙafar agwagwa.

Mun isa da hantsi. Shekara goma sha huɗu rabona da ganin ruwan da ba a cikin garwa ko tanki yake ba, kuma ban taɓa shiga teku ba. Kaftin ya tsaya a gaɓa ya daɗe yana kallon ruwan. Ya ce, “Yaya, kada ka bi ta hagu, ruwan na ja. Kuma kada ka taka dutse ba takalmi.”

Na ce a raina jan lokaci yake yi. Na shiga, na ja numfashi, na nutsa. Gishiri ya cika min ido kamar an zuba barkono. Numfashin da nake taƙama da shi bai kai rabin na da ba. Na taso a gigice, na nemi wurin tsayawa, na dira ƙafata a kan dutse. Wata baƙar halitta mai ƙaya kamar bushiya ce a wurin, ƙayoyinta suka shige min tafin ƙafa suka kakkarye a ciki.

Shi ya fito da ni. Ya iyo a saman ruwa, fuskarsa a ciki, bai yi gaggawa ba, ya juya ni rigingine ya tallabi haɓata ya ja ni zuwa gaɓa. Ban taɓa ganin an ɗauko mutum haka ba, mu a gida gashi ko hannu muke cafka. Ya hana ni tono ƙayar da tsinke. Ya karɓi butar shayin masu kifi ya sa aka ɗumama ruwa, ya tsoma ƙafata a ciki, ya matsa lemon tsami. Zafin ya lafa.

Ina zaune ƙafata a kwano na ce, “Kaftin, na ga ka iya iyo. Amma ga can ƙasa, ga wuri mai haske. Nutsa ka ɗebo min yashi in gani.”

Ya yi murmushi. “Yaya, babu tukunya.”

“Gaba ɗaya da rabi ne fa.”

“Ƙa'ida ce. Abokin shigana yana jinya, ba na shiga.”

Na dube shi sosai, ban iya gane ko tsoro ne ko gaskiya ba. Wanda ya yi shekara huɗu yana riƙe wa Turawa igiya a cikin kwalekwale zai san jan ruwa, zai san maganin ƙaya, zai iya iyo, ba tare da kansa ya taɓa shiga ƙarƙashi ba. Wanda ya nutsa sau ɗari ma haka zai sani.

Kwana goma sha biyu ban taka ƙafar ba. Don kada gidajen da nake kai wa ruwa su nemi wani, Kaftin ya ɗauki sandata da garewanina. Bai iya tafiyar ba, ruwan na tambal-tambal yana zuba, yakan isa gida da rabin garwa, kafaɗarsa ta saɓule. Matan unguwa suka yi ta yi masa dariya ta bayan ƙofa, bai fasa ba har na warke.

Da shekara ta zagayo ya sami aiki a tashar jiragen ruwa ya koma Jidda, can ya yi aure ya tsufa. Mun ci gaba da zumunci. Duk wanda ya zo daga can ya ce ya san shi, nakan tambaye shi ko ya taɓa ganinsa a ƙarƙashin ruwa da idonsa. Kowa sai ya ce a'a, amma ai an san shi, Kaftin ne.