Haƙoran Zarto a Cikin Toka

A shekarar da gwamnati ta buɗe firamare a kusan kowane ƙauye, ina koyar da aikin kafinta a wata makarantar koyon sana'a a Gumel. Aka ɗora mana yin bencina na sababbin azuzuwan ƙasar Sule Tankarkar kafin a koma karatu. Ni na ce za mu iya, da bakina, a gaban mutane.

Abin da na dogara da shi injin zarto ne da aka sauke mana daga jirgin ƙasa a tashar Gagarawa. Zartonsa doguwar ɗamara ce ta ƙarfe mai zagaya ƙafafu biyu, kuma a bakin kowane haƙori an liƙa ɗan ƙarfe mai tsananin tauri, bai kai ƙwayar dawa ba. Waɗannan 'yan ƙwayoyi su ne zarton. Su suka sa kuɗinsa ya fi albashina na wata, abin da shugaban makarantarmu ba ya gajiya da faɗa wa baƙi, ina tsaye.

Makonni ya yi yana cin maɗaci kamar ana yanka kabewa. Daga baya ya fara gajiya, katako na fitowa da baƙin ƙuna. Na sami shugaba a ofis, na ce zarto na son washi, kuma littafinsa ya ce sai a Kaduna, a kan wani dutse na musamman.

"Kaduna? Malam, zarton ne zai tafi kwas?"

"Ranka ya daɗe, magagari ba ya kama haƙoran nan."

"Ku matsalarku littafi. Kakanninmu da suka sassaƙa turmi, Kaduna suka je?"

Mutum ne da ya karanta tarihi, ya kuma ɗauka hakan ya ba shi ikon yin magana a kan ƙarfe. Ran Alhamis, ina aji, ya sa aka naɗe zarton aka jefa a motar makaranta, shi ma ya shiga, sai kasuwar Maigatari, wurin wani dattijon maƙeri da ke yi masa garma.

Ban ga laifin dattijon ba har yau. Da na je washegari, ya shimfiɗa mini buzu, ya ba ni labari tiryan-tiryan. Ya sa magagari, magagari ya ƙare, haƙori ko gezau. Ya ce wa shugaba, "Alhaji, wannan ba irin ƙarfenmu ba ne, ka mayar da shi inda ya fito." Shugaba ya ce ai kowane ƙarfe wuta ce maganinsa. Shi ya tsaya a kan dattijon har aka sa zarton a wuta aka zuga.

"Ɗana," in ji dattijon, "yana yin ja sai na ji abu na zuba tas-tas cikin gawayi. Ashe da tagulla aka liƙa su."

Ya kwance bakin wani tsumma ya nuna mini. Ya yini yana tankaɗe toka da rariyar matarsa. Haƙoran na nan lafiyarsu ƙalau, ko dushewa ba su yi ba. Zarton ne ya zama tsoho mai dasashi.

Muka koma zarton hannu, ni da ɗalibai, tafukanmu duk kanta. Ko rabin bencinan ba mu gama ba. Ranar da na raka motar kai su wani ƙauye, na iske aji biyu a zaune a ƙasa, allunansu a cinya. Hedimastan wurin ya ce, "Malam, ba kai ne mai injin ba?" Na ce ni ne.

Shugaba kuwa ya zuba haƙoran a cikin faranti a kan teburinsa. Duk baƙon da ya shigo sai ya tura masa, ya yi jawabi a kan yadda Turawa ke sayar mana da kayan liƙe-liƙe. Baƙi su girgiza kai, su yaba basirarsa. Sau biyu ana kirana in tabbatar, na kuma tabbatar, don ina da iyali.

Gab da Babbar Salla ya sa dattijon ya sassare ɗamarar ya yi wuƙaƙe, aka raba wa malamai. Tawa ta zo a naɗe cikin takarda, da saƙon cewa a makarantarsa ba a asarar komai. Da ita aka feɗe ragona. Tana da kaifi ƙwarai, kuma naman nan ban iya cinsa ba.