Gwiwar Yayana

Yayana ɗan ƙwallo ne. A gidanmu na unguwar Mansur a Makka ba a faɗin haka da ƙarfi, domin Baba, wanda ya tako daga Kano ta Sudan da ƙafarsa, bai ga dalilin da zai sa namiji ya riƙa bin fata da gudu a gari mai alfarma ba.

Yana ɗan shekara goma sha bakwai wani kulob na Makka ya ɗauke shi mai tsaron baya. Ban taɓa ganin wasansa ba, mata ba sa zuwa fili. Ni dai nake wanke masa riga, kuma ni nake cire masa tsakuwa daga fatar cinya da allura, don filin babu ciyawa. Maƙwabta sukan ce idan ya tsaya, ko iska ba ta wuce shi.

A shekararsa ta biyar a kulob ɗin aka zaɓe shi cikin waɗanda za su je wasa ƙasar waje. Har ya ɗinka sabuwar riga. Ana saura kwana uku tafiya suka nemi takardar zama ɗan ƙasa. A Makka aka haife shi, amma iƙama kawai gare shi, takardar zama irin ta baƙi. Suka tafi suka bar shi.

Da shekara ta zagayo, a wani wasa a Jidda, aka taka masa gwiwa ta juya. A bayan motar kaya aka kawo shi. Mai ɗori ya ɗaure ta da kara, ta warke a karkace. Shugaban kulob ya aiko da buhun shinkafa, shi kansa bai zo ba.

Baba bai yi masa gori ba. Cewa kawai ya yi, "Khalas, shi ke nan. Gobe ka zo rumfa."

Haka Yaya ya koma jera nama a tsinke a rumfar tsiren Baba, ƙafar a miƙe kan akwati. Wata rana na kai musu abinci, sai wani Balarabe ya tsaya yana kallonsa.

"Ba kai ne mai lamba huɗu ba?"

Yaya bai ɗago ba. "A'a, kama ce. Tsinke nawa za a ba ka?"

Mutumin ya ce biyu. Yaya ya barbaɗa yaji, ya naɗe masa a takarda.