Brada Ocaya da Ƙafar da Ya Koma Ya Wanke

Tun kafin zakara ya gyara murya Brada Selestino Ocaya yake tashi. Ya shiga coci da 'yan'uwansa masu zaman zuhudu su rera Zabura, sannan ya zauna shiru gaban Ubangiji har gari ya waye. Daga nan sai lambu, sai ɗakin baƙi, sai coci kuma idan ƙararrawa ta kira. Haka yake a gidan zuhudun nan na kan tudu a ƙasar Acholi, tun gashinsa yana baƙi har ya yi fari fat. Yanzu gwiwoyi sun ƙi, shugaban gidan ya ce ya huta da tarbar baƙi. Ni kuwa na ce ba zai koma ɗaki ba a ji labarinsa ba, ko da zai ji haushina.

'Yan surutun kasuwa suna cewa mutanen tudu ba su da aiki sai waƙa da cin tuwon tamba, wai wahalar duniya suka guje wa. To, su matso kusa su ji.

Gidan yana da ƙa'idoji biyu da kowa ya sani. Duk baƙon da ya ƙwanƙwasa ƙofa, a karɓe shi kamar Almasihu ne ya zo, a wanke masa ƙafafu kafin a tambayi sunansa. Kuma da zarar an kaɗa ƙararrawar addu'a, kowa ya saki abin da ke hannunsa nan take. Iya Lamunu, mai dafa wa baƙi abinci, takan tsokane shi cewa ranar da ƙararrawa ta same shi a tsakiyar atishawa, haɗiye ta zai yi. Shi dai sai murmushi, ya ci gaba da wanke ƙafafu da hannunsa na dama mai yatsu biyu. Sauran yatsun, 'yan tawaye ne suka sare su lokacin yaƙi, yana saurayi, wai da su ya nuna wa sojoji hanya.

Wata rana da damina, yaƙi ya daɗe da ƙarewa, wani ramammen mutum mai suna Kidega ya iso, ƙafafunsa duk laka. Brada ya zaunar da shi, ya kawo baho, ya durƙusa. Da lakar ta fita daga ƙafar dama sai ga tabon ƙuna tun daga idon sawu har babban yatsa. Brada ya san tabon nan. Ranar da aka danne shi a ƙasa bai ga fuskar mai addar ba, ƙafar da ta take masa hannu kawai ya gani. Kidega ma ya dubi hannun da ke cikin ruwan, ya gane shi. Iya Lamunu tana bakin ƙofa da kwanon miyar yakuwa, ta ce tunda take ba ta taɓa ganin idon Brada ya yi ja haka ba.

Sai aka kaɗa ƙararrawa. Brada ya saki ƙafar, ya miƙe, ya wuce coci.

Kidega ya faɗa wa Iya ko shi wane ne, ya fara lalubar takalmansa zai gudu. Ita ma hankalinta ya tashi, amma ta tare ƙofa.

"Koma ka zauna, ɗan nan. A gidan nan ba a fita da ƙafa ɗaya a wanke."

A coci kuwa Brada ya buɗe baki Zabura ta ƙi fita. Fushi ya cika masa ƙirji, tsohon ciwo ya dawo sabo. Ya san yana iya roƙon shugaba ya tura wani ya ƙarasa, ba kuma wanda zai ga laifinsa. Amma ya san idan ya yi haka, maganar 'yan kasuwa ta tabbata: ɓuya ya zo yi kan tudu, ba neman Allah ba. Aka gama rerawa, aka yi shirun nan da suke yi bayan addu'a, ya zauna a cikinsa har numfashinsa ya daidaita.

Da ya dawo, Kidega ya zube ƙasa yana kuka.

"Brada, ni ne."

"Na sani, ɗan'uwana. Miƙo ɗayar."

Ya taɓa ruwan ya ji ya huce, ya roƙi Iya ta ƙaro mai ɗumi.

Kai ne wannan, Brada Ocaya, mai yatsu biyu da ya fi masu biyar riƙo. Kai ne ka nuna mana abin da ake yi da shiru. Ba ka taɓa cika baki ba, har ma kakan ce da ƙararrawar ta yi jinkiri, ba ka san abin da za ka aikata ba. Wannan gaskiyar taka ce ta ƙara mana ƙaunarka.

Kidega bai sake barin yankin ba. Yana noma a gindin tudu, shi ke ɗebo ruwan bahon. Ranar da Brada ya miƙa aikin ga wani, Kidega ya nemi izini ya durƙusa ya wanke wa Brada ƙafafu. Ya gama ɗaya ke nan aka kaɗa ƙararrawa. Tsohon ya zare ƙafa ya lalubi sandarsa, Iya Lamunu tana dariya har da hawaye.

"Je ka, Baba," in ji Kidega. "Na iya jira."

Mun gode, Brada. Allah ya ƙara wa gwiwoyin nan ƙarfi, ya ba ka hutu mai daɗi. Mu kuma da muka ji, duk wanda ya san ya bar wata ƙafa a cikin ruwa, ya koma ya ƙarasa wanke ta.