Takalmin da Ya Zame a Tasha

A tashar Haɗeja, Bintu mai suyar kifi tana kallon wani dattijo da ya sauko daga motar Kano. Dogo ne, kafaɗunsa irin na wanda ya daɗe yana noman shinkafa a fadama. Yana tafiya yana ɗaga gwiwar hagu sama, ƙafar tana reto kamar ba tasa ba. Takalminsa ya zame, bai ma sani ba.

"Baba, takalminka!"

Ya waiwayo, ya daɗe yana duban ƙafar.

"Gwiwar ƙarfe aka sa mini, 'yata. Ciwon ya tafi, amma ƙafar ba ta jin komai." Ya mintsini ƙaurinsa da ƙarfi. "Ga damina tafe. In wani abu ya sare ni cikin ruwa, wa zai gaya mini?"