Kawu Tanko da 'Yan Kwalkwali

Duk wanda ya san Kawu Tanko ya san tsakinsa. Ba irin na mutane ba ne da ake ja a wuce. Shi sai ya tsaya, ya gyara hula, ya karkace baki, sannan ya jawo shi tun daga ƙasan ciki har sai wanda aka yi dominsa ya waiwayo. Ya yi wa direban bas, ya yi wa ma'aikacin ƙaramar hukuma, ya yi wa ruwan saman Landan. Ni da idona na ga ya yi wa injin tikiti a tashar Edmonton, kuma wallahi tikitin ya fito.

Kafin in rubuta wannan sai da na tambayi liman ko ba zai zama cin naman mamaci ba. Ya ce, "Sa'idu, abin da mutum ya yi da kalangu a gaban jama'a ai ya wuce asiri." Washegari na koma don in ƙara tabbatarwa, ya ce in bar shi ya ci abincinsa.

Kawu wan mahaifiyata Hajara ne, kuma shi ya samo mini aiki a ɗakin kaya na sashen wasannin wata jami'a da ke gefen Stratford. Ni firamare kawai na yi, ga mata, ga yara uku a gidan haya, don haka kun san yadda na riƙe aikin nan da hannu biyu. Mu biyu ne a ɗakin, aikinmu wanki da jera kaya da kai su fili. Rabin wahalarmu ta 'yan ƙwallon Amurka ce, domin su ne masu tarkace: kwalkwali, da sulken kafaɗa, da wandunan nan masu ɗame mutum.

Kawu ɗan gidan mahauta ne, da kiɗan dambe ya tashi, saboda haka tun ranar farko ya raina wasan. Ƙwallon ma bai taɓa kiranta ƙwallo ba, gwanda yake ce mata.

"Kalle su, ɗan Hajara," in ji shi. "Faɗan ƙiftawar ido, sai kuma su koma su haɗa kai suna ƙus-ƙus kamar masu rabon gado. Ga ƙato ya sa tukunya a ka don kada a taɓa shi. Wannan a garinmu ko rigar ɗan dambe ba za a ba shi riƙo ba!"

Gaskiya ƙungiyar tamu ma ba ta taimaki kanta ba. Kakar wasan da ta wuce ko sau ɗaya ba su ci kowa ba. Da sabuwar kaka ta kama, shugabar sashen wasanni, wadda Kawu ya raɗa wa Uwar Takarda don ko gaisuwa sai ta sa a cike fom, ta tara mu. Ta ce idan aka gama wannan kakar ma ba a ci wasa ko ɗaya ba, za a rushe ƙungiyar a ba wa wasu filin, kuma ɗakin kaya ba zai buƙaci mutum biyu ba. Ba ta kalle ni ba, amma kowa ya san wanda ya zo daga baya. 

"Kwantar da hankalinka," in ji Kawu. "Ni zan gyara su."

"Kawu, abin da nake tsoro ke nan."

Daga wanki ya fara gyaran. Ya ce babu jarumin da ke fita gaban jama'a da riga a yamutse. Ya sayo sitaci a Old Kent Road, ya dama shi da kauri kamar koko, ya tsoma riguna da wanduna, ya bi su da dutsen guga har suna ɗaukar ido.

Na ce, "Kawu, a jikin rigar fa an rubuta kada a goge."

Ya ce, "Wanda ya rubuta ɗin, ka san gidan su? Ka san ko yana da tarbiyya?"

Ranar Lahadi yaran suka fito fili ƙafa a wawware kamar 'yan shayi, in mutum ya sunkuya sai ka ji wando ya ce ƙarrr. Aka lallasa mu. Ni ina can ina lissafin cinyoyi nawa suka saluɓe da wanda za a tambaya, shi kuwa Kawu hoton wasan yake dubawa a waya.

"Ka gani? A hoto dai mu muka ci."

Daga nan ya koma kan abinci. Jami'a tana da mai tsara wa 'yan wasa abin da za su ci, ta rubuta musu ayaba da wani ruwa shuɗi a gora. Kawu ya ɗaga gorar ya kalla ta hasken taga, ya ce, "Wannan ai da shi muke goge gilashi." Mako na gaba ya zo da kula cike da tuwon shinkafa da miyar kuka, man shanu yana yawo a kai. Ya kira wanda ya fi kowa gudu a ƙungiyar, wani siririn Bature da yake ce wa Sillen Kara, ya zaunar da shi a ɗakin kaya. Yaron kirki, bai iya ƙin abin dattijo ba, ya tashi da malmala uku.

Ana tsakiyar wasa gwandar ta faɗo hannun Sillen Kara, gabansa fili fetal, babu kowa. Ya zura da gudu, muka miƙe muna ihu. Can sai gudun ya koma sassarfa, sassarfa ta koma tafiyar mai dawowa daga ta'aziyya. Wanda ya fi kowa ƙiba a cikin abokan karawar ne ya cim masa, bai ma ture shi ba, dafa shi kawai ya yi ya zauna.

Kwana biyu na kasa cin abinci ina tunanin ko akwai gyaɗa a miyar, ko yaron yana cikin waɗanda ba sa cin ta. Kawu ko a jikinsa.

"Laifinsa ne," in ji shi. "Wa ya ce a yi gudu da tuwo? Tuwo na tsayuwa ne."

To duk waɗannan wasa ne a kan kalangu. Ga yadda wasan yake, ga wanda bai sani ba. Idan ƙwallo tana hannunku, sai ku jeru ku sunkuya, jagoranku ya tsaya a baya yana kiran wasu lambobi, kuma ba wanda zai motsa sai ya ji kiran ƙarshe. Duk wanda ya motsa kafin nan, alƙali zai jefa wani ƙyalle rawaya, a mai da ku baya. Saboda haka al'adarsu ita ce, in naku ne da ƙwallo ku yi tsit don su ji jagoransu, in na wasu ne ku cika fili da hayaniya don ku ruɗa su.

A dambe kuwa ba haka ba ne. In naka ya fito, lokacin ne kake zuba masa kiɗa da kirari har tsigar jikinsa ta tashi. Don haka da zarar namu sun sunkuya, sai Kawu ya matse kalangu a hammata ya saki murya: "Ga na Tanko, katangar siminti! Tirela ba birki, a ba ku hanya!" Yaran ba sa jin jagora, wannan ya zabura, wancan ya bi shi, ƙyalle ya tashi sama. Haka muka yi ta ja da baya, wata rana har na zaci za mu ƙarasa wurin ajiye motoci. In kuwa ƙwallo ta koma hannun abokan karawa, sai Kawu ya ajiye kalangu ya harɗe hannu, fili ya yi shiru kamar ɗakin jarrabawa, su yi abinsu cikin natsuwa.

Koci, wani bawan Allah da furfura ta fito masa a kakar nan, ya zo har ɗakin kaya yana roƙonsa ya juya abin.

Kawu ya ce, "In yi shiru in nawa ya fito, in yi kiɗa in na wani ya fito? Koci, ku a garinku in matarka ta haihu, gidan maƙwabci ake zuwa guɗa?"

Na taɓa ɓoye kalangun a cikin injin busar da kaya. Ban kai minti goma ba na je na faɗa masa da bakina, domin ɗaukar abin mutum ba izini ya hana ni sakat. Ya kalle ni ya ce ko ɓarawo ba zan iya zama ba, Allah ya sawwaƙe.

Haka muka kai wasan ƙarshe ba mu ci ko ɗaya ba. A cikin bas, kan hanyarmu ta zuwa wasan, ina ta jujjuya katin aikina a hannu, sai wata dabara ta zo mini.

"Kawu, a dambe in ɗan wancan ɓangaren ya fito, shiru makaɗi yake yi?"

"Shiru? Zambo ake yi masa har gwiwarsa ta yi sanyi!"

"To ga shi tun farkon kaka ba wanda ya yi wa waɗannan zambo. Yabon namu ya cinye maka murya, su kuma suna tafiya gida da mutuncinsu."

Muka sauka a Stratford. Can ya ce, "Ɗan Hajara, ashe akwai ƙwaƙwalwa a bayan tsoron nan."

Ranar, da namu suka sunkuya, Kawu ya zauna ya buɗe fulas ɗin shayi, wai yana hutar da maƙogwaro. Karo na farko ke nan da yaranmu suka ji muryar jagoransu, har wasu suka waiwaya don su ga mai maganar. Da baƙin suka karɓi ƙwallo kuwa, wayyo Allah!

"Kai mai tumbi, cikinka ya riga ka shiga fili! Kai dogo, wuya kamar na zalɓe, ƙafa kamar muciya! An turo ku karatu kun zo kuna birgima a taɓo, asarar kuɗin jirgi!"

Kalangu yana amsa masa. Baƙi suka ruɗe, ƙyalle ya yi ta tashi a kansu. Ana cikin haka wani ƙato daga cikinsu ya cire kwalkwali, ya taho bakin layi yana huci.

"Uncle, I understand Hausa, you know!"

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Kawu kuwa fuskarsa ta washe.

"Au, ɗan gida ne? Alhamdu lillahi, yau na samu mai ji! Maza koma ka fassara wa sauran, ka fara da mai tumbin, shi ne kai!"

Da ƙyar da jiɓin goshi muka ci wasan. Yara suka ɗaga Koci sama, ni kuma na shiga banɗaki na yi kuka, na wanke fuska, na fito na kwashe safa.

Kwana uku bayan nan Uwar Takarda ta kira mu ofis. Ɗaya jami'ar ta aiko da ƙara, har da bidiyo, ga Kawu yana zuba zambo, ga ni a gefensa riƙe da fulas. Ta ce ƙungiya ta tsira, amma sunayenmu biyu ne a takardar, kuma in fassara mata abin da aka faɗa kalma bayan kalma.

Na raɗa masa, "Kawu, ko in ce addu'a kake yi musu?"

"Kai? Ƙarya? Kafin ka kai ƙofa za ka dawo ka tona kanka. Faɗa mata duka, kuma ka faɗa da kyau, kada ka ɓata mini aiki."

Na yi ta fassarawa ina gumi, tana rubutawa, shi yana gyara mini. Da na ce babban ciki, ya buga tebur ya ce tumbi daban ciki daban. Zalɓe sai da aka nemo hotonsa a kwamfuta.

Daga ƙarshe ta ajiye biro ta ce, "Shawarar wa ce wannan?"

Na buɗe baki. Ni ne na kawo maganar zambo, kuma Allah ya sani da na faɗa. Sai na ji takalmin Kawu a kan ɗan yatsan ƙafata, ya danna da duk nauyinsa. Ya ce mata kalangu nasa ne, baki nasa ne, wannan matsoracin tun farkon kaka yake roƙonsa ya daina, kuma shi dama ya gaji da wanke safar 'ya'yan mutane. Ya ciro katin aikinsa ya ajiye mata a kan takardar. Ta ba shi fom ya cike.

A waje na ce, "Kawu, amma ai ba gaskiya ba ce duka."

Ya ce, "Wace ce ƙarya a ciki? Ba matsoraci ba ne kai? Wuce ka je ka kwashe shanya, yaran Hajiya Binta na jiran abinci." Binta matata ce, bai taɓa kiranta ba tare da Hajiya ba, ko da yake ko filin jirgi ba ta taɓa rakiyar alhazai ba.

Da sabuwar kaka ta zo, jami'ar ta buga manyan hotuna a bangon sashen wasanni, wai suna maraba da al'adun kowa. Hoton wa kuke tsammani? Kawu Tanko ne da kalangu a hammata, baki a buɗe. Na duba da kyau, daidai lokacin da yake cewa ƙafa kamar muciya ne.

Sanyin da ya biyo baya Allah ya karɓi abinsa, bayan 'yar jinyar da ba ta kai mako biyu ba. Ni har yau ina ɗakin kayan, yarana suna ci suna sha. Abin da na haɗiye a ofishin nan ya daɗe yana ci na, yau ga shi na faɗa a gabanku: ni na kawo shawarar, shi ya ɗauki laifin.

Ya Allah, bawanka Tanko ya zo maka da kaifin baki da farin ciki. Ranar da za a tambaye shi, ka rufa masa asiri kamar yadda ya rufa mini. Ka yafe masa, ka sanyaya makwancinsa, mu kuma ka kyautata namu zuwan. Amin.