Yadda Aka Raba Isiyaku Gida Uku

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar aminina Alhaji Isiyaku na Sheme, Allah Ya jiƙansa. A zamanin da yake wasan kwaikwayo da ƙungiyarsu ta Kankara, ba wanda ya damu da sunan ɗan wasa. Sunaye kan wuce a ƙarshen kaset da gudu, mutane kuwa sun riga sun miƙe suna kakkaɓe riga. Da fuska ake sanin mutum. Yau ga shafuka a intanet da ke tara bayanan finafinai da wasannin talabijin na duniya, kuma kowa na iya shiga ya ƙara abin da ya sani. A irin wannan shafi na sake haɗuwa da Isiyaku, sai dai na tarar an raba shi gida uku.

'Yarsa Hajiya Rabi, malamar makaranta a Faskari, ita ta bugo mini waya. "Baba Alhaji, kana zaune? To ka zauna. Baba fa ya zama mutum uku, kuma ɗaya daga ciki yana da rai, yana saida hatsi a Ketare!"

Na sa tabarau na duba, sai dariya ta kama ni. Masoyansa na Sabuwa sun buɗe masa shafi da sunan Mai Unguwa, rawar da ya fi fitowa a cikinta. Abokan wasansa sun buɗe wani da sunan Ɗan Tafoki, don can aka yanke masa cibiya. Na ukun kuwa, Malam Na Sheme, Rabi ce da kanta ta rubuta shi, domin 'yar da ta sha tarbiyya ba ta kama sunan mahaifinta, ko da baki ko da yatsa. Kowane shafi da 'yan wasanninsa biyu ko uku. A kan na Mai Unguwa wani mai gaggawa ya liƙa hoton wani Alhaji na Ketare da suka yi kama, ga ranar rasuwa a ƙasa. Bawan Allahn nan ya sha amsa gaisuwar ta'aziyyar kansa a kasuwa.

Na yi zama a Khartoum da Abidjan, na yi fatauci a Jidda da Maraɗi, kuma ina leƙa waɗannan shafuka da Larabci da Faransanci. Balarabe yakan jera sunan ɗan wasa da na uba da na kaka. Mai rubutu da Faransanci ba ya barin ranar haihuwa. Su ma suna tafka kuskure, na ga an ba matacce fim ɗin da aka yi bayan an binne shi. Amma irin namu ban gan shi ko'ina ba. Namu kunya ce ta haife shi, da ƙauna. Kowa ya rubuta sunan da bakinsa ya saba da shi, kuma ba wanda ya yi ƙarya.

Abin da ya tayar da hankalin Rabi shi ne, masu kula da shafin sun sa alama cewa bayanan ba su da tushe, idan ba a gyara ba za a goge. Da an goge, da jikokin Isiyaku sun nemi kakansu a can sun rasa. Ana bukatar cikakken suna guda, da hujja. Rabi ba za ta rubuta ba, mahaifiyarta Hajiya Asabe ba za ta furta ba. Saura ni, da muka yi kiwon awaki tare, wanda nake da ikon kiransa gatsal.

Muka haɗu a gidansa na Sheme ranar wata Asabar da hantsi. Wani tsohon abokin wasansa, Malam Garba, ya zo da kasakasai a buhu da na'urar kallo da sai an bubbuga ta take tashi. Hajiya Asabe ta zauna bakin ƙofa, wai ita ba kallo ta zo ba. Hoto na fitowa ta matso.

"Wannan shi ne," in ji ta. Aka nuna mata hoton da ke shafin. "Mi? Wannan? Malam bai taɓa karya hula ta hagu ba. Ku cire mashi wannan tun bai taso ba!"

Malam Garba ya ce, "Hajiya, to ki faɗi sunan mana mu huta."

"Kai dai Garba ba ka girma. Ga abokinshi nan, bakinshi ya yi ciwo ne?"

Aka tsayar da kaset daidai inda sunaye ke wucewa, Rabi ta ɗauki hoto da waya. Ni kuma na karɓi wayar na rubuta, ina faɗa da ƙarfi: Isiyaku, ɗan Malam Haruna. Hajiya ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa. Har yau ban san dariya take ko kuka ba.

Me Isiyaku zai ce da ya ga wannan? Na san zai fara da tsiya, ya ce ashe shi kaɗai ya isa ƙungiya. Daga nan zai ɓata rai, don mutum ne da kan sa a maimaita fitowa saboda an kira gari da sunan da ba nasa ba. Yakan ce idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Ni kuwa sai in amsa masa da cewa hannu da yawa maganin ƙazamar miya, muddin a cikin hannuwan akwai na wanda ya san miyar. Laifin shafin bai wuce namu ba, mu da muka sani muka yi shiru muka bar wa masu kintace.

Abin da ya fi faranta mini rai ya zo daga baya. Malam Garba, wanda da ko saƙo ba ya iya turawa, yanzu shi ke bin tsofaffin 'yan wasa daga Kankara zuwa Sabuwa yana tambayar sunansu na yanka da na iyayensu. Matan da suka yi wasa a ɓoye da sunan aro, wasu sun ce a rubuta su, wasu sun ce a bar su, kuma an bi ra'ayin kowa.

Kasakasan za su lalace, mu ma da muka san muryarsa muna tafiya ɗaya bayan ɗaya. Amma an haɗe shafukan uku, an cire hoton Alhajin Ketare, Isiyaku ya koma mutum guda, da fuskarsa da sunan mahaifinsa da duk wasannin da muka iya tabbatarwa. Daga yanzu duk wanda ya nemi tsofaffin 'yan wasan yankinmu zai same su da sunansu na gaskiya, kuma mutanen da suka san su ne suka rubuta.